Rediyo ya yi shiru: abin da za ku duba kafin ku kai ma mai gyara

 

Hirarmu ta wanga sati bisa kan akwatin rediyo take. Dukanku kun san amfaninshi. Cikinshi kuke jin darasi. Cikinshi kuke jin farashin hatsi da na bisashe, da labarin ruwan sama kafin shuka, da ranar da masu allurar rigakafi za su zo garinku. Tun 1958 da anka buɗe Rediyo Nijar, wanda ya koma Muryar Sahel a 1974, akwatin ga ya zama ɗan gida. Dattawa kuma ba su manta da ƙungiyoyin Rediyo Kulob da anka kafa a 1962 ba, inda mutanen gari ke taruwa su saurara tare, su tattauna abin da sunka ji.

To amma ran da akwatin ya yi shiru, ko ya kama shuuu kamar ana suyar ƙosai, mi mai shi ke yi? Sai shi buge shi da tafin hannu sau biyu. In bai tashi ba, sai shi naɗe shi cikin tsumma, shi jira ranar kasuwa. Ga kuɗin mota, ga kuɗin mai gyara, ga darasin sati biyu ko ukku ya wuce. Alhali kuwa sau da yawa ciwon ba cikin akwatin yake ba. Yana ga pil, ko ga antan, ko ga wurin da anka aje shi. Waɗannan ukku kuwa, kowanenku na iya duba su da hannunshi, ba tare da ya kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Wa ya koya muna wannan?

Akwai waɗansu mutane cikin duniya da ake ce ma masu rediyon sha'awa. Ba ma'aikatan gidan rediyo ba ne. Wani malamin lakkwal ne, wani likita, wani makanike. Suna da na'urar da ke ji kuma ta aika magana, suna ɗaura antan ɗinsu da kansu, su yi hira da ƴan'uwansu na wata ƙasa. Ba don kuɗi suke yi ba, don neman sani ne. Kowanensu gwamnatin ƙasarshi ta ba shi izini, ta ba shi suna na haruffa da lambobi. Farkon sunan shi ke nuna ƙasa. Ku rubuta cikin kaye: Nijar 5U, Nijeriya 5N, Cadi TT, Kamaru TJ, Gana 9G.

Kada ku rena mutanen nan. Da farkon zamanin rediyo, manya sun ɗauka gajeren zango ba shi da wani amfani, sai anka bar ma masu sha'awa shi. A watan Nuwamba 1923, wani Bafaranshe mai suna Léon Deloy a birnin Nis, da wani Ba'amurke mai suna Fred Schnell, sunka aika ma juna saƙo, kowa ya amsa ma ɗan'uwanshi, teku na tsakaninsu. Daga nan duniya ta gane gajeren zango na zuwa nesa da ƙarfi kaɗan. A ran 18 ga Afrilu 1925 sunka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Pari.

Tun da su ke gyaran kayansu da kansu, suna da ƙa'ida. Ana farawa daga waje a shiga ciki. Ana farawa da abu mai araha kafin mai tsada. Ana canza abu ɗaya tak, a saurara, kana a taɓa na biyu. In kun canza pil, kun canza antan, kun canza wuri duka gaba ɗaya, rediyo ya tashi, ƙaƙa za ku san wane ne ya warkar da shi? Gobe in ya sake, kun koma inda kunka fito.

Mu fara da pil

Pil ne abincin rediyo. Kowane pil sabo yana da ƙarfin bolt 1,5. Akwatin da ke cin huɗu, bolt 6 yake so. In pil ya fara gajiya, alamarshi sananniya ce: kun buɗe rediyo da ƙarfi, bayan ɗan lokaci murya ta shaƙe, in kun ƙara ƙara sai ta riƙa karkarwa. Tashar nesa ita ke fara ɓacewa, ta kusa ta saura. Mutum sai shi ce tashar ce ta lalace, alhali yunwa ce ke damun akwatinshi.

Ku buɗe marufin pil ku duba alamun nan biyu, + da –. Kun koye su wajen lissafi, ga ranarsu ta zo. Pil ɗaya in ya juya baya, aiki ya ɓaci. Kada ku gama tsohon pil da sabo don tattali. Tsohon zai janye sabon ƙasa, kuma shi ne ke fashewa shi zubo ruwa. Ruwan ga yana cin ƙarfe. In kun ga fari-fari ko tsatsa bisa ƙarafunan da pil ke taɓawa, ku kankare su a hankali da bakin wuƙa har su yi haske, ku goge da busasshen ƙyalle, ku wanke hannu. In ɗan murɗaɗɗen ƙarfen nan mai tura pil ya saki, ku ja shi kaɗan shi miƙe. In za ku tafi cin rani ku bar rediyo gida, ku fidda pil tukuna.

Rediyoyin yanzu da yawa batirin caji ke gare su, na bolt 3,7. Shi kuma zafi ne maƙiyinshi. Kada a bar akwatin bisa katanga cikin ranar Afrilu don wai yana caji. A aza pano a rana, akwatin shi zauna inuwa. Batirin da ya kumbura, a fidda shi, kada a huda shi, kada a jefa shi wuta. Wani kuma sai shi ɗauko waya biyu shi haɗa rediyo mai bolt 6 da babban batirin pano mai bolt 12. Wannan ba gyara ba ne, yanka ne. Nan take cikin akwatin ke ƙonewa.

Wurin da kunka aje shi

In pil lafiya lau, ku ɗauki rediyo ku fita tsakar gida, ku yi taki ashirin daga ɗaki. Murya ta washe? To akwatinku ba shi da laifi, ɗakin ne. Rufin kwano yana tare saƙon rediyo. Ɗakin kara ko na laka mai azara bai cika yin haka ba. Mai ɗakin kwano shi aje akwatin kusa da taga.

Akwai kuma sabuwar cuta da iyayenmu ba su sani ba. Ƙwan fitila na zamani mai tattalin wuta, da abin cajin salula, da na'urar da ke juya wutar batirin pano ta koma irin ta kuran, da yawa cikinsu suna fidda ƙugi wanda kunne ba ya ji amma rediyo na ji, musamman bisa gajeren zango da matsakaici. Ku bar rediyo a buɗe, ku kashe su ɗaya bayan ɗaya. Wanda kunka kashe ƙugi ya tsaya, shi ne ɓarawon. Ku nisanta shi da akwatin, ko ku haƙura da caji har darasi shi ƙare.

Ƙaras-ƙaras da kuke ji da damana kuwa, walƙiya ce, ko da hadarin na nesa ƙwarai. Babu mai gyaran da ke maganinta. Amma in sai kun murɗa abin ƙara murya ne yake yin ƙaras, ƙura ce ta shiga. Ku kashe shi, ku murɗa gaba da baya sau ashirin. Kada ku ɗiga mai ko kananzir. Ku ɗinka ma akwatin riga, ku rufe shi lokacin hunturu.

Antan, kunnen rediyo

Nan za mu daɗe, don nan mafi yawan sirrin yake. Antan, wadda maƙwabtanmu na Nijeriya ke ce ma eriya, ita ce kunnen rediyo. Mai rediyon sha'awa ya fi kashe lokacinshi bisa antan da bisa akwati, don ya san akwati mai tsada da mummunar antan kurma ne.

Ku dubi gaban rediyonku. Za ku ga haruffa FM, da MW ko AM, da SW. Kowane da irin kunnenshi.

Na MW, wato matsakaicin zango, kunnenshi na cikin akwati, wani baƙin sanda ne da anka naɗe da siririyar waya. Jan antan ta waje ba ya ƙara mishi komi. Akwatin dukanshi za ku juya a hankali, kamar mai neman alƙibla, har inda murya ta fi fita.

Na FM shi ne daga lamba 87,5 zuwa 108. Saƙon FM miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. Dutse na tare shi, tudu na tare shi. Shi ya sa mutanen kwari cikin ƙasar Adar, wajajen Keita da Buza, ke wahalar kama tashar da wanda ke bisa tudu yake ji garau. Ga FM, tsawon waya ba shi ne magana ba, ɗaga ta sama shi ne magana. Tana da awonta kuma, ga yadda ake samun shi.

Saƙon rediyo na tafiyar kilomita 300.000 cikin daƙiƙa guda ta agogo, kafin ku ƙifta ido. Yana tafiya igiya-igiya, kamar ruwan tabki in an jefa dutse. In kuna son sanin tsawon igiya ɗaya, ku raba 300 da lambar tashar. Misali tasha na kan 100. 300 a raba da 100, ya ba da mita 3. Antan ta sanda tana son kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, wato santimita 75, kamu ɗaya da rabi ke nan. In kun auna antan ta rediyonku za ku tarar ba ta yi nisa da haka ba. Ba banza maƙera sunka yi ta haka ba.

Saboda haka in yaro ya karya antan, kada ku yar da rediyo. Ku sami wayar jan ƙarfe mai kamu ɗaya da rabi, ku kankare bakinta, ku kankare guntun da ya saura, ku ɗaure su tam. Ku miƙe ta sama, ku gwada kwantar da ita, ku bar ta inda ta fi ji. Ku duba ƴar ƙusar da ke gindin antan, sau da yawa ita ce ta saki. Masu sauraro da salula kuma, wayar da kuke sa ma kunne ita ce antan ɗinku. In kun dunƙule ta cikin aljihu, kun toshe ma salula kunne. Ku warware ta.

Na SW, gajeren zango, shi ne mai abin mamaki. Saƙonshi na hawa sama har shi iske wani rufi na iska mai nisan kilomita 100 zuwa 400 bisa kanmu, shi karyo shi faɗo wata ƙasa. Rana ce ke gina wanga rufi, saboda haka halinshi da rana dabam, da dare dabam. Da rana ku nemi manyan lambobi, 15 da 17 da 21. Da dare ku sauko 6 da 7 da 9. Tashar da kunka ji da hantsi in ta ɓace bayan isha'i, ba lalacewa ba ce. In murya na zuwa tana komawa kamar numfashi, shi ma halin sama ne. Har rana kanta tana da zagaye na wajen shekara 11, waɗansu shekaru manyan lambobi su yi kyau, waɗansu su yi rauni. Matsakaicin zango shi ma da dare yake nisa. Dattawan Maraɗi da Damagaram sun san sai bayan faɗuwar rana muryar Kaduna ta kan fi fitowa.

Gajeren zango na son doguwar waya. Mita 5 zuwa 10, wato gaba ukku zuwa shida, sun isa ƙaramin akwati. Na san akwai masu cewa in an ƙara tsawo an ƙara ji. Ga ƙaramin rediyo ba haka ba ne. Waya in ta yi yawa sai tashoshi su hau bisa juna, ku ji mutum ukku na magana gaba ɗaya. Ku ɗaure wayar sama, tsakanin icce da sanda. Kada ƙarfenta shi taɓa icce ko kwano. Ku sa igiyar roba kamu biyu a kowane baki, ita za ta kama iccen. Wajen icce ku bar ɗan sako-sako, don iska in ta kaɗa reshe kada ta tsinke. Ku shigo da bakin ta taga ku naɗa shi bisa antan ta rediyo sau biyar ko shida.

Yanzu ku kasa kunne da kyau, don wagga magana ta rai ce. Kada ku ɗaure waya ga sandar kuran. Kada ta bi ta bisa wayar NIGELEC, kada ta bi ta ƙarƙashinta. Ku auna da ido: in sandarku ta faɗi, ko wayarku ta tsinke, za ta kai ga wayar kuran? In za ta kai, ku sake wuri. Kuma da kun ga hadari ya taso, ku kwance wayar daga rediyo, ku fidda bakinta waje, nesa da ɗaki da inda yara ke kwana. Tun hadari na nesa ake yin haka. In an fara tsawa, kada kowa shi taɓa ta. Wanda ba ya iya tuna wannan kullum, gara shi sauke wayar da damana. Iskar hunturu mai ƙura ma tana tara ma doguwar waya wuta, irin wadda ke yin tas in kun tuɓe rigar roba da dare. Ba ta kashe mutum, amma tana iya kashe kunnen akwati. In iska ta yi ƙarfi, a kwance.

Ga mai son shi ma shi aika magana

Saurare kowa na da iko. Aika magana kuwa sai da izini. A ƙasarmu hukumar ARCEP ke kula da rabon zangon rediyo. Ko ƙananan na hannu da ake ce ma oba-oba, kada ku saya ku kama aiki da su ba ku tambayi hukuma ba. Kuna iya faɗawa bisa zangon jirgin sama ko na jami'an tsaro ba ku sani ba, kuma rashin sani ba zai fisshe ku ba.

Wanda ya sami izini, ga abin da na gaba da shi za su fara koya mishi. Ba a danna abin magana in babu antan a haɗe. Ƙarfin da ya rasa hanyar fita yana komowa shi ƙone na'ura. Ba a taɓa antan lokacin da ake aikawa, tana ƙuna. Antan ta aikawa kuma ba a yin ta da ka, sai da lissafi. Wadda sunka fi yi waya biyu ce, ɗaya dama ɗaya hagu, igiyar da ke zuwa na'ura ta kama su a tsakiya. Ana raba 143 da lambar zango. Ga zangon 14,2 amsa ta kusa mita 10, wato mita 5 kowane gefe. Ga zangon 7,1 kuwa wajen mita 20. Ana yanka ta da ɗan rara, don rage waya ya fi ƙara ta sauƙi. Suna da abin awo da ke nuna ko ƙarfi na fita ko yana komowa, masu Faransanci na ce mishi ROS. In ya nuna kusa da 1, madalla. In ya wuce 2, sai a duba. Mafi yawa mahaɗi ne ya saki, ko ruwan sama ya shiga igiya, ko tsawon bai daidaita ba. In ragewa za a yi, a rage dama da hagu daidai wa daida, kaɗan-kaɗan, ana awo.

Suna da ladabi kuma irin na zaure. Ba ka faɗo ma mutane cikin magana. Ka saurara tukuna, ka tambaya ko akwai mai aiki nan, kana ka faɗi sunanka na haruffa. Ba a talla, ba a sa kiɗi, ba a zagi, ba a magana a ɓoye. In mai neman agaji ya kira, kowa shi yi shiru shi ba shi hanya. A watan Disamba 2004, da igiyar teku ta afka ma tsibiran Andaman na ƙasar Indiya, wayoyi sunka yanke, masu rediyon sha'awa da ke can su ne sunka riƙa isar da saƙonnin jama'a.

Aikin alƙalami

Kowane mai rediyon sha'awa na da littafin da yake rubuta ranar, da lokacin, da zangon, da yadda ya ji. Yadda ya ji kuwa da lambobi biyu yake faɗi. Ta farko daga 1 zuwa 5, ita ke nuna ko ana gane magana. Ta biyu daga 1 zuwa 9, ita ke nuna ƙarfinta. In ya ce 59, ya ji garau ke nan.

Ku ma ku ware shafi cikin kayenku. Ku ja layi huɗu. Na farko rana, na biyu ƙarfe nawa, na ukku lambar tasha, na huɗu maki daga 1 zuwa 5. Ran da kunka sa sabon pil, ku rubuta. Bayan wata biyu za ku san kwana nawa pil ke yi muku, ku san wane iri ne ke cin kuɗinku banza a kanti.

In kun duba pil, kun sake wuri, kun gyara antan, akwatin bai ko yi shuuu ba, ko kun ji ƙaurin ƙuna, ko ya faɗa ruwa, to aikinku ya ƙare, sai mai gyara. Ku fidda pil nan take. Kada ku buɗe bayanshi ku kama murɗa ƴan ƙusoshin nan masu launi. An daidaita su tun daga ma'aikata, in kun juya su ko mai gyara sai ya yi gumi kafin shi maido su. Wanda ke aiki da kuran kuwa, ko marufinshi kada ku ɗaga yana haɗe da bango. Ku tafi da kayenku, ku karanta ma mai gyara: ran kaza ya fara, FM na yi SW ba ya yi, na sa sabon pil bai canza ba. Ku tambayi kuɗin aiki kafin shi fara, ku ce shi ba ku abin da ya cire.

Aikin gida na wanga sati: kowa shi nemo lambar tashar FM da ya fi saurare, shi raba 300 da ita, abin da ya samu shi raba da 4. Wanda rabawa ta yi ma wuya, malaminku zai taimaka bisa allo. Ku auna antan ta rediyonku da abin awon tela, ku rubuta amsoshin biyu kusa da juna, ku kawo aji.

Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.